Yadda za a rage zafin allura ga jariri, yaro da babba: tambayoyi da amsoshi

Wadannan su ne tambayoyin da iyaye mata, masu ciwon suga, masu sikila, har da manyan magidanta suke yawan yi game da zafin allura. Abin da nake so ya fito fili tun farko shi ne, dabarun da suka fi aiki yawancinsu ba sa cin ko kwabo, kuma ba sai an kara huda jiki ko an hadiyi wani magani ba. Nono ne, runguma ce, yadda ake zama ne, sai kuma irin maganar da ake fada wa wanda za a yi wa allurar.

Wai zafin dakika biyu har ya kai a zauna ana dogon bayani a kansa?

Ya kai mana. Zafin kansa gajere ne amma tsoron da yake bari a zuciya shi ne mai dadewa. A 2012 wata farfesa mai suna Anna Taddio ita da abokan aikinta sun tambayi iyaye da yara a birnin Toronto na Kanada, kashi 63 cikin dari na yaran suka ce suna tsoron allura, iyayen ma kashi 24 cikin dari suka amsa cewa suna tsoro. Toh mai tsoron allura shi ne zai ki zuwa gwajin jini, shi ne zai boye ciwo har ya ci jikinsa, kuma uwar da ta ga danta ya shide da kuka ranar allurar sati 6 ita ce kafarta ke yin nauyi in sati 10 ya zo, daga nan katin rigakafi ya shige kasan akwati. Shi ya sa a watan Satumba na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da matsaya guda sukutum a kan rage zafi lokacin rigakafi kadai.

Maganar da ake yi cewa ai jariri bai san zafi ba ko ba zai tuna ba, ba haka ba ne. Tun 1997 ita dai Taddio din ta nuna cewa jarirai maza da aka yi wa kaciya ba tare da maganin kashe zafi ba sun fi sauran nuna jin zafi da aka zo yi musu rigakafi suna wata 4 zuwa 6. Bakinsa ba zai iya fada ba amma jikinsa ya rike.

Jaririna zai karbi allurar sati shida, me zan yi masa?

Ki ba shi nono, 'yar uwa. Ba bayan an gama ba kadai kamar yadda aka saba, a'a, ki dora shi tun kafin nas ta dauko sirinji, ki bari ya kama sosai ya fara hadiya na minti daya ko biyu, a yi allurar yana kan tsotso, ki ci gaba da ba shi bayan an zare. Nono ya hada abubuwa da yawa a lokaci guda, ga dumin jikinki da kamshinki da ya sani, ga tsotson da ke kwantar masa da hankali, ga dan zakin da ke cikin ruwan nonon, duk suna rage yadda zafin ke isa gare shi. Ba wai ba zai yi kuka ba ne kwata-kwata, zai iya saki ya tsala ihu, amma kukan ya fi gajarta kuma ya fi saurin komawa.

Mata da yawa suna tsoron kar ya kware. Wadanda suka bibiyi abin ba su samu wannan matsalar ba, jariri in zai yi kuka sakin nonon yake yi da kansa. Wasu kuma tsoronsu kar ya tsani nonon saboda ya hada shi da zafi, shi ma dai ba ya faruwa, wanda yake sha sau takwas ko fiye a wuni ba allura daya za ta raba shi da shi ba. In kunya ce a cikin mutane hijabinki ya isa, cinyarsa kawai nas ke bukata a waje, don haka ki sa masa kaya mai saukin yayewa.

Akwai ma tsari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara: a fara da digon baki na Rota mai hana gudawa saboda yana da zaki, sai digon shan inna, sannan a dora yaro a nono a yi allurorin, wadda ta fi zafi ta zo karshe. A cikin na jarirai ta ciwon hakarkari da ake kira PCV tana cikin masu zafi. Dalilin shi ne in aka fara da mai zafin, ta biyun ma sai ya ji ta fiye da yadda take. Sabon haihuwa kuwa da za a yi wa allurar tarin fuka ta BCG ko a diga masa jini a dunduniya, ki kwantar da shi a kirjinki fata da fata ki lullube bayansa, kamar minti goma kafin a fara.

In babu nono fa, ko kakarsa ce za ta kai shi?

Sai a yi ruwan suga. Karamin cokalin shayi daya na suga a cikin kananan cokali biyu na ruwan da aka tafasa ya huce, a dama. Minti daya zuwa biyu kafin allurar a diga masa kadan-kadan a saman harshe, bai wuce rabin karamin cokali ba gaba daya, sauran a zubar. Dandanon zakin a baki ne yake aikin, ba yawan abin da ya shiga ciki ba, don haka dura masa da yawa ba ya kara komai. Ya fi aiki ga jarirai kanana, yana raguwa yayin da yaro ke girma, bayan shekara biyu kam sai a koma wasu dabarun.

Dan Allah a rike wannan a matsayin magani na ranar allura kadai. Ba lasisi ba ne na fara ba jariri ruwa ko ruwan suga a gida duk sanda ya yi rigima, wata shida na farko nono zalla ne. Kuma in uwar tana wajen, nonon shi ne gaba.

Zuma ba ta fi suga kyau ba?

Ga jaririn da bai cika shekara ba, a'a. Zuma tana iya dauke da kwayar wata cuta da hanjin babba ke iya kawar da ita amma na jariri bai yi kwari ba, ta zauna ta saki guba mai shanye jiki har numfashi ya gagara. Na san yadda muke girmama zuma kuma ta cancanta, amma a jira ya shekara.

Yarona dan shekara hudu sai mutum uku sun danne shi, akwai wata hanya?

Akwai, kuma dannewar nan ita ce take kara lalata lamarin. Yaron da aka kwantar rigingine aka danne hannu da kafa, wani ya kama kai, ba zafin allurar zai rike a ransa ba, tashin hankalin cewa manya sun taru a kansa har da mamansa shi zai rike, gobe tun daga bakin get din asibiti zai fara birgima. Ga kuma tsokar da ta daddage saboda kokawa, allura ta fi zafi a cikinta.

Ki zauna ki dora shi a cinyarki a zaune. Ko dai ya fuskance ki kirji da kirji kafafunsa sun zagaye kugunki, ko ya zauna a kaikaice kin sa kafafunsa tsakanin cinyoyinki, hannunsa daya ya bi ta bayanki, dayan kin rike shi a gwiwar hannu. Runguma ce a wajensa, amma kuma ba zai iya fizgewa ba. Kar ki matse shi tun ana layi, sai nas ta gama shiri sannan ki kara karfin rikon, da an zare ki sassauta. Wanda ya dan girma, kamar shekara shida zuwa sama, a bar shi ya zauna da kansa kina gefensa rike da hannunsa. Baban ma in yana nan ya iya wannan, wasu yaran sun fi natsuwa a jikin uba.

Me zan ce masa? In na fada masa gaskiya ai ba zai yarda ya tafi ba.

Ki fada masa gaskiyar dai, a takaice. Za a yi maka allura don kar ka kamu da ciwo, za ka ji dan tsini na dan lokaci, ina rike da kai, in an gama mu tafi. Karamin yaro a ranar za ki fada masa ko dab da fita, babba kuwa kwana daya ko biyu kafin nan don ya samu ya yi tambayoyinsa. Abin da ba a so shi ne "babu zafi ko kadan", domin da ya ji tsinin ya gane an yaudare shi, daga ranar maganarki a kan asibiti ta fadi. Haka ma cewa za mu je sayo alawa sai ya tsinci kansa gaban nas.

Wani abin da zai ba mutane mamaki, yawan jera "yi hakuri, yi hakuri, sannu, wayyo dana" da muryar tausayi kafin a yi allurar kara tsorata yaro yake yi, domin fuskarki yake karantawa, in ya ga kin rude sai ya dauka lallai abin babba ne. Ki yi magana da muryarki ta kullum. Sannu tana da wajenta, bayan an gama. Kuma kar a ce masa rago ko a ce namiji ba ya kuka, ya yi kukansa, a yaba masa cewa ya zauna kyam an gama.

Sai babbar matsalar da take gidajenmu, wato tsorata yaro da allura. In ba ka ci tuwon nan ba zan kira likita ya yi maka allura, in ba ka yi shiru ba ga mai allura nan. Wallahi wannan maganar tana da tsada, domin mun mayar da magani horo, ranar da zazzabi ya kwantar da shi yana bukatar allurar da gaske shi a tunaninsa laifi ya yi. A daina, a hana yayyensa da 'yan aiki ma.

Dauke hankali da waya ko wasa yana aiki da gaske?

Yana yi, musamman ga yara kanana, amma sai an fara tun kafin allurar, kuma sai abin ya ja hankalinsa sosai. Wanda yake sa yaro ya yi wani abu da kansa ya fi na kallo kawai. Misali ya hura balan-balan ko kumfar sabulu, ko ki daga yatsanki ki ce ya hure shi da karfi, domin hurawar tana sa shi jan dogon numfashi ba tare da ya sani ba. Ko ya kirga mutanen da suka sa shudin kaya a dakin, ko ya biya miki karatun da aka yi musu a islamiyya, ko ki fara masa tatsuniya ki tsaya a daidai wajen da yake son jin karshe. Katun a waya ma ba laifi. Wasu yaran kuma sun fi son su kalli allurar da idonsu, in aka juya musu kai sai su fi firgita, irin wadannan a tambaye su, za ka kalla ko za ka kalle ni, a bar su su zaba.

Na ga wata na'ura mai kama da kudan zuma da ake dorawa a hannu, mene ne sirrinta?

Sunanta Buzzy, wata likitar yara ce a Atlanta ta Amurka, Amy Baxter, ta kirkiro ta. Tana karkarwa kuma tana da fukafukai na kankara, ana dora ta a wajen da za a yi allurar na dan lokaci sannan a matsar da ita sama kadan a bar ta tana aiki har a gama. Tushen abin tsohon ilimi ne. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin cewa sakon zafi ba kai tsaye yake zarcewa kwakwalwa ba, sai ya bi ta wata mashiga a lakar baya, kuma sakon tabawa da karkarwa da sanyi suna iya cunkushe mashigar, kamar kofar zaure ce da mutane suka cika ta, mai son shiga sai ya rabe. Shi ya sa in ka buge gwiwar hannu kake saurin shafa wajen tun kafin ka yi tunani.

Akwai kuma wata 'yar roba mai kananan tsini marasa kaifi, ShotBlocker, da ake dannawa a fata a yi allurar ta tsakiyarta, ita sakamakon bincikenta ya rabu, wasu sun ga amfani wasu ba su gani ba. A ganina wanda yake karbar allura kullum in ya samu Buzzy ya gwada, amma ba abin da uwa za ta tayar da hankalinta a kai ba ne don ba ta da shi, nono da kyakkyawan riko sun fi su hujja ga jarirai. Murza fata ko mintsini kafin rigakafi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawararsa ba.

Kankara zalla fa?

Ga babba ko yaron da ya yi wayo, a nade ta a kyalle mai tsabta a dora na kamar minti daya, a goge wajen ya bushe sannan a yi. Kar a dora wa jariri, su sanyin kansa ciwo ne a wajensu. Kar a dora in jini za a diba ko kanula za a sa, wato 'yar robar da ake bari a jijiya don karin ruwa ko magani, domin sanyi yana sa jijiya ta noke a yi ta nema ana huda, a nan dumi ake so, a dumama hannun a kuma sha ruwa sosai in ba a hana ba. Masu sikila su kam su nisanci kankara gaba daya, sanyi yana iya tayar musu da ciwo. Feshin sanyin nan da ake yi wa 'yan kwallo a fili shi ma akwai irinsa na allura, yana dan taimaka wa manya amma aikinsa na 'yan dakikoki ne kuma yara da yawa ba sa son sa.

Akwai man shafawa da ke kashe fata?

Akwai. Wanda aka fi sani shi ne EMLA, hadin magunguna biyu ne masu kashe zafi, lidoken da firiloken. Ana dora shi da kauri ba a murza ba, a rufe da filasta, a bar shi awa daya cur kafin allurar sannan a goge. Akwai na lidoken zalla mai kashi 4 cikin dari da yake kamawa cikin kamar minti 30. Kuskuren da aka fi yi shi ne a shafa minti biyar kafin a shiga, sannan a ce ba ya aiki.

Ki san iyakarsa, saman fata kadai yake kashewa, don haka ya fi amfani wajen sa kanula da dibar jini, yaran da ke yawan kwanciya asibiti kamar masu sikila su ne za su fi morarsa. Allurar tsoka kuwa zai rage tsinin shiga amma zugin maganin a can ciki yana nan. Ki tambayi nas tun farko a ina za a yi, kar ki shafa a hannu a zo a yi a cinya. Ba a sa shi a kan ciwo ko kusa da ido da baki. Jariri kasa da wata uku da wanda aka haifa bakwaini sai da izinin likita, haka ma mai matsalar jini ta G6PD wadda take da yawa a kasashenmu, domin firiloken din in ya yi yawa yana iya rage yadda jini ke daukar iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda yana aiki amma ba ta sa shi cikin tsarin rigakafi na kowa da kowa ba saboda tsada da wahalar samu da kuma lokacin jira.

In ba shi fanadol tun daga gida?

A'a. Ba ya hana zafin tsinin allura, kuma wani bincike da aka yi a kasar Cak da ke Turai aka buga a 2009 ya nuna jariran da aka ba farasitamol, wato fanadol, tun kafin zazzabi ya zo, garkuwar da jikinsu ya hada bayan rigakafin ta dan ragu. Ki ajiye shi, in daga baya jikinsa ya yi zafi ko cinyar tana damunsa sai ki ba shi gwargwadon nauyinsa yadda aka fada miki a asibiti. In likita ne da kansa ya ce a ba shi kafin wata allura ta musamman, wannan daban.

Ni babba ne, zan je allurar sankarau da ta ciwon shawara da ake yi wa maniyyata, kuma gaskiya ina jin tsoro.

Ba kai kadai ba ne malam, kuma ba abin kunya ba ne. Ka fada wa mai allurar tun da ka zauna, yawancinsu za su bi da kai a hankali. Ka saki hannun ya yi lakwas, tafin hannunka a kan cinya, kafada a sake, domin damtsen da aka daddage ya fi jin zafi lokacin allurar kuma ya fi tsami washegari. Ka ba da hannun da ba ka cika aiki da shi ba. Ka kawar da kai, ka ja numfashi a hankali ka fitar a hankali, ko ka shagala da zikiri ko hira da na kusa. Akwai kuma dabarar tari da likitoci a Jamus suka gwada wajen huda jijiya a 2004, wato ka yi dan tari daya matsakaici daidai lokacin da allurar za ta shiga, amma ka sanar da mai allurar tukuna don kar hannun ya motsa ba shiri, kuma ka juya kai gefe. Mata masu ciki da ke karbar allurar tetanos wajen awo da masu allurar tazarar haihuwa duk wannan ya shafe su.

Ni jiri nake ji har in fadi, wani lokacin ma ganin sirinjin kawai.

Wannan jini ne yake sauka kasa farat daya, bugun zuciya ya ragu, kwakwalwa ta rasa isasshen jini na dan lokaci. Ba maganin allurar ba ne kuma ba iska ba ce. Ya fi faruwa ga matasa, shi ya sa lokacin da ake yi wa 'yan mata 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda Najeriya ta fara a watan Oktoba na 2023, yana da kyau kowace yarinya ta karba a zaune kuma ba a gaban layin kawayenta ba, domin daya in ta fadi sauran ma sai tsoro ya kama su.

Ga mai wannan matsalar sakin jiki gaba daya ba shi ne mafita ba, akasinsa ake so. Wani masani dan kasar Suwidin, Lars-Göran Öst, shi ya fito da dabarar a 1987. Ka daddage tsokar kafafu da cinyoyi da ciki na dakika 10 zuwa 15 har ka ji dumi ya hau fuskarka, ka sassauta na dakika 20 zuwa 30, ka maimaita sau biyar. Wannan yana tura jinin sama. Hannun da za a yi wa allurar shi kadai za ka bari a sake. Ka koya a gida kafin ranar, ka ci abinci ka sha ruwa in gwajin ba na azumi ba ne, ka roki a yi maka a kwance, kuma ka zauna minti 15 kafin ka tashi, kar ka hau babur nan take.

Ina yi wa kaina insulin kullum, yaya zan rage radadin?

Insulin mai sanyin firji ya fi radadi, ki fito da shi kamar rabin awa kafin lokaci. Yawancinsu wanda aka riga aka bude yana iya zama a waje kusan sati hudu in zafin dakin bai wuce digiri 30 ba, wasu 25, ki duba takardar naki. Sai dai a bazara garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi yana haura 40, don haka in babu wuta a sa shi a roba mai murfi a ajiye cikin sanyin randa ko tulu ba tare da ruwa ya shiga ba, kuma kar a taba barinsa ya daskare.

Ki nemi gajeren tsini mai milimita 4, ya isa ga mai jiki da marar jiki. Sabon tsini kowane lokaci, na san kudi ne, amma wanda aka maimaita bakinsa yana dakushewa ya rika yagar fata. In kin goge da sifirit ki bari ya bushe sarai, shigarsa cikin hudar shi ne rabin radadin da mutane ke ji. Ki rika canza waje, ciki, cinya, ki matsa akalla fadin yatsa daga inda kika yi jiya. Wani tarko da masu suga ke fadawa shi ne wajen da aka dade ana yi yakan yi kullutu mai tauri kuma ba ya zafi, sai mutum ya lizimci wajen don jin dadi, alhali insulin ba ya shiga jini yadda ya kamata daga nan, suga ya yi ta hawa da sauka ba a san dalili ba. Ki kauce wa kullutun. Kar ki murza bayan kin zare.

Allurar baya ce ta fi ba ni wahala, wani lokacin har dingishi nake.

Wasu magungunan su kansu masu zafi ne, kamar fenisilin mai kauri da ake yi sau daya ya dade yana aiki, da masu mai-mai irin wasu na maleriya. Ka kwanta rub da ciki ka juyo yatsun kafa su kalli juna, hakan yana sakin tsokar mazaunai. In a tsaye ne dole, ka dora nauyinka a kan daya kafar. Wasu magungunan kashe kwayoyin cuta ana iya hada su da lidoken in a tsoka za a yi, kana iya tambaya, amma hukuncin na ma'aikacin lafiya ne.

Abin da ya fi zafin muhimmanci shi ne wajen da aka soka. Akwai babbar jijiyar laka da ta ratsa mazaunai ta sauka kafa, shi ya sa ake yi a can sama ta gefen waje. In ka ji zafi kamar wutar lantarki ya tsarga har kafa, ka yi magana a take a zare, ba jarumta ba ce yin shiru. Yara da yawa sun samu shanyewar kafa ta dalilin allurar baya a hannun wanda bai kware ba, don haka jarirai a gefen cinya ake yi musu.

Toh ba gara allurar ba tunda ta fi kwaya karfi?

Wannan tunanin ya zauna mana sosai, har mutum ya ga kamar ba a duba shi ba in ba a soke shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta ana yin allura akalla biliyan 16 a shekara a duniya, kusan kashi 90 cikin dari na magani ne, rigakafi bai wuce kashi 5 ba, kuma da yawa daga cikin na maganin kwaya za ta iya yin aikinsu. Zazzabin maleriya da bai yi tsanani ba, mutum yana ci yana sha ba ya amai, kwaya ce maganinsa. Allura tana da wajenta, mai amai, wanda ya galabaita, insulin, rigakafi. In likita ya rubuta ka tambaya cikin ladabi ko akwai na sha, in ya ce allurar ce dole sai ka karba. Amma kar kai ka je kemis ka nemi a yi maka da bakinka.

Bayan an gama, a gasa wajen da ruwan zafi ko a murza?

Ranar farko kyalle mai tsabta da aka jika da ruwan sanyi ya fi, a dora na 'yan mintuna, banda mai sikila, shi dumi-dumi za a sa masa. Ruwan zafi sosai a cinyar jariri kuna yake jawowa. Babba ya rika motsa hannun yana aikinsa, tsamin ya fi saurin tafiya. Kar a shafa man zafi ko wani hadin gargajiya a kan hudar. Wajen BCG a hannu kuwa a kyale shi gaba daya, bayan 'yan makonni zai yi dan kurji ya fashe ya bushe ya bar tabo, haka aka san shi, kar a matse kar a sa magani.

Dan kumburi da ja da zazzabi mai sauki na kwana daya zuwa biyu ba abin tsoro ba ne. A koma asibiti in kumburin yana karuwa bayan kwana biyu, ko wajen ya yi zafi rau yana tara ruwa ko mugunya, ko jariri ya yi kuka ba tsayawa na awa uku, ko ya ki nono, ko ya yi jijjiga, ko kafar ta saki yaro yana jan ta. In kuwa fuska ko lebe suka kumbura, ko numfashi ya fara sarkewa cikin mintunan farko, wannan na gaggawa ne a take, shi ya sa ake cewa a dan zauna a asibitin minti 15 kafin a kama hanyar gida.